Hailala Dubu Saba'in ta Nomau

Bazarar nan da muke ciki ita ce ta tara tun da Allah ya karɓi Nomau. Ɗana ne na fari, don haka ba za ku ga sunansa na yanka cikin rubutun nan ba. Bakina bai taɓa kama sunan ba, na gwada da alƙalami kuma hannun ya ƙi. Kakarsa ce ta sa masa Nomau, don ranar da anka haife shi gari duk yana gona, kuma da shi kowa ya san shi, tun daga garinmu nan ƙasar Bazaga har lakwal ɗin da ya koyar, wato makarantar boko, can wajen Illela. Sanƙarau ya ɗauke shi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ko aure bai yi ba. Allah ya jiƙan shi, ya jiƙan naku.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan rasuwarsa, kuma har yau baƙaƙena kan hau tudu su gangara. Malaminmu ya ce jaridar nan tamu ce, duk mai magana ya rubuto. To, ina da magana. Shekara takwas na yi ina kwana ina tashi da tabbacin an cika wa ɗana wani alkawari. Bara na gane ba a cika ba, ba a ma fara ba.

Sai na fara gaya muku irin mutumin, in ba haka ba alkawarin ba zai shiga kunnenku daidai ba. Nomau yana son lissafi kamar yadda wasu samari ke son kokawa. In ya zo hutu yakan zauna nesa kaɗan da ni ina ɓarar wake, ya juya mini gefe, don tsakanin uwa da ɗan fari ba a haɗa ido a yi hira. Da turmi yake magana, ni kuma in zan amsa sai in amsa ta bakin kaji. Sai ya damƙi wake ya ce, "Turmi, cika ko mara?" In ce, "Kaji sun ce mara." Ya jera su bibbiyu a ƙasa. In ɗaya ya rage ba abokin tafiya, na ci, in sun tashi daidai, ya ci. Daga nan zance ya ɓalle. Ya ce lambobi dangi-dangi ne kamar mutanen gari. Akwai cika, masu rabuwa biyu ba rigima, akwai mara, masu barin ɗaya a tsaye. Akwai kuma waɗanda yake kira masu taurin kai, irin su bakwai da sha ɗaya da sha uku, waɗanda ba sa rabuwa daidai, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka ko a ba kowa ƙwara guda. "Irin Kawu Ila ke nan," in ji shi, "in ya yanka akuya ko hanji ba ya hita gidan." Na ce wa kaji su tuna wa mai maganar wana ne yake taɓawa.

Ya kuma ce kowace lamba tana da ɗiya, wato ƙananan lambobin da ke raba ta ba saura. Ɗiyan shida su ne ɗaya da biyu da uku, in an haɗa su sai su ba da shida cif, ba ragi ba ƙari, kuma irinta ba su da yawa. Ɗiyan takwas in sun taru a bakwai suke tsayawa, ba su kai uwarsu ba. Na sha biyu kuwa sun zarce ta har sha shida, ita ce mai albarkar haihuwa. A lokacin ina jin sa ne kamar yadda ake jin ruwa bisa rufin ɗaki, da daɗi, ba don na gane abin da yake cewa ba. Sai da na iya riƙe alli na bi maganganun nan ɗaya-ɗaya, na tarar ko guda bai kuskure ba.

Su bakwai ne abokai, kaciyarsu ɗaya. Guda daga ciki zan kira shi Isuhu. Ba sunansa ba ne, amma wanda ya sha nonona ba zan tona shi a jarida ba, in ya karanta zai gane kansa. Uwarsa maƙwabciyata ce, ta rasu yana cikin zanen goyo, na haɗa shi da Nomau na shayar, ɗaya dama ɗaya hagu. Shi kam ina kama sunansa, ina yi masa faɗa, ina shafa kansa a gaban mutane. Duk abin da kunya ta hana ni yi wa Nomau, Isuhu na yi wa.

Wata shekara wani tsaransu ya tafi cin rani can Kurmi, ya rasu a hannun baƙi. Sai da damina ta faɗi labari ya iso, kuma ba wanda ya yi masa fida'u. Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in mutum ya rasu akan ja masa hailala, La'ilaha illallahu, ƙafa dubu saba'in, ana roƙon Allah ya 'yanta shi daga wuta. Mai hali ya tara malamai su gama a zama ɗaya, marar hali kuwa sai yadda ta yiwu. Abin ya taɓa yaran nan ƙwarai. Wata Juma'a bayan la'asar sunka taru a zaurenmu, na aika musu da fura, ina bayan zana ina tankaɗe ina jin su.

Isuhu ne ya kawo shawarar. Ya ce, "Mu bakwai muke, hailala dubu saba'in ta. Duk wanda ya riga, kowa shi ja mai dubu goma. Lissahi ya hita, ko ba haka ba, Metir?" Metir suke ce wa Nomau tun da ya fara koyarwa. Sunka ce madalla, har an ɗaga hannu za a shafa fatiha, sai na ji dariyar Nomau.

"Kai Isuhu, shi mamacin hwa? Tashi za shi yi cikin likkahwani shi ja dubu goman tashi?"

Zaure ya ɗauki dariya har wani ya ƙware da fura. Da sunka lafa ya ce, "Ran da ɗaya ya kwanta, shidda ka saura. Dubu saba'in ko ba ta rabuwa shidda. Kowa shi ɗau dubu sha ɗaya da ɗari shidda da sittin da shidda, huɗu su rage tsakar hili ba mai su."

Wani daga cikinsu mai suna Ada ya ce, "Huɗu ɗai? Ni in ja su, mi a ciki?"

"Kai da ko asuba sai an watsa ma ruwa? A'a, raba ni."

Sunka yi ta ja, wani ya ce a ƙara lambar, wani ya ce a rage. Nomau ya ce lamba ba a taɓa ta, mutum za a nemo. Uwar mamaci ita za ta zama ta bakwai, ta ɗauki rabon ɗanta, kowa ya koma kan dubu gomansa. Sai ya ɗaga murya wajen zana ya ce, "In akwai mai ji nan baya, shi shaida." Na ce, "Kaji sun ji." Anka shafa fatiha.

Shi ya tsara yadda za a ƙidaya don kada a ruɗe. Tasbaha in an zagaya ta har limaminta, ɗari ce. Duk zagaye ɗaya sai a fitar da ƙwallon tsamiya ɗaya daga 'yar jaka. Jaka mai ƙwallo ɗari in ta ƙare, dubu goma ta cika. In kowa ya gama a haɗa ƙwallayen a zuba gefen kushewa, ko Allah ya sa wani ya tsiro ya yi wa mai wurin inuwa.

Da sunka watse ya zo ya zauna wajen turmi, zancen bai sake shi ba. Ya ce dubu saba'in in an feɗe ta, ƙasusuwanta tara ne: bakwai guda ɗaya, biyu har sau huɗu, biyar har sau huɗu, su ake ninkawa da juna su ba da ita. Babu uku cikin ƙashinta, shi ya sa ba ta yarda da mutum uku, ko shida, ko tara, ko sha biyu. Amma tana yarda da biyu, da huɗu, da biyar, da bakwai, da takwas, da goma, da sha huɗu, ya ce har hanya hamsin ake iya raba ta ba saura. Na tambayi kaji, to in mutane sunka yi ta zamewa fa, har anka faɗa kan adadin da ba ta yarda da shi? Ya ce, "Turmi, ko wace lamba, komi girmanta, tana yarda da mutum ɗaya. Sai dai ɗayan nan shi daɗe zaune." Munka yi dariya. Ni a raina uwar wani nake tausayi.

Ba a jima ba anka kawo mini shi daga lakwal wuyansa ya sandare, bai ƙara gane kowa ba har Allah ya yi ikonsa. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane. Ana zuwa gaisuwa ina cewa sai haƙuri, kamar ɗan wata ne ya rasu. Hannuna ne ya nemi aiki. Na ɗauko rigarsa ta kaki da yake shiga aji da ita, na yanka, na ɗinka 'yan jakunkuna bakwai. Ƙwallon tsamiya kuwa gida-gida na aika anka tattaro mini, na wanke, na shanya. Lokacin ban san baƙi ko ɗaya ba, amma goma-goma har sau goma kowace mace ta iya. Na zuba, na ɗinke bakin guda shida ruf da baƙin zare don kada su zube a hanya, na bar tawa a buɗe. Ta Isuhu da aljihun gaban rigar na yi ta, har da maɓallinsa.

Biyar daga cikin abokan suna wajen cin rani, wasu Sakkwato, wasu gaba da nan. Isuhu kaɗai ke kusa, bai daɗe da samun aiki a wani buro, wato ofis, a Ƙonni ba, inda motoci ke ratsawa zuwa ko'ina. Ya karɓi shidan da hannu biyu yana hawaye, ya ce direbobi duk sun san shi, kowa tasa za ta iske shi. Ni kuma na zauna kan tawa. Bayan kowace salla in ja abin da ya samu, ƙwallo ya bar jaka ya koma ƙoƙo. Ranar sadakar arba'in na mayar da su jaka, na ɗaure baki, na miƙa masa a bayan ɗaki.

Ya ce, "Inna, an gama. Duk sun aiko, taki ɗai nika jira. Yanzun nan in kai su kushewa."

Mu mata ba mu zuwa makabarta. Na ga ya sa jakata a aljihu, na ga fitarsa, iyakar abin da na gani ke nan. Ranar na ci tuwo har na ƙoshi, wanda rabona da haka tun kafin rasuwar.

Da ruwa ya sauka 'yan cin rani sunka dawo, sunka zo gaisuwa su biyar, sunka durƙusa bakin ƙofa. Kunya ba ta bar ni na kama zancen kai tsaye ba. Na ce, "Abin da kunka yi, Allah ya gani. Allah ya ba ku masu yi muku." Sunka sunkuyar da kai sunka ce, "Amin, Inna, ba komi." Na ɗauka nauyin mutuwa ne ya sunkuyar da su.

Cikin shekarun nan duniya ta juya yadda in Nomau ya leƙo zai daɗe yana kallo. Motocin siminti na Malbaza sun cika babbar hanya, rediyo ta shiga zaurukan da da sai hira, soja sun karɓi mulki. Fari ya zo ya share garke da rumbu, munka ga masu shanun da ake jin tsoron ƙurarsu suna bin gari da ƙwarya. Na fi tuna Nomau lokacin da ake rabon hatsin taimako. Buhu ɗaya a ce gida kaza, a yi ta aunawa lafiya, sai an zo kan ɗan abin da ya rage a gindin buhu zumunta ta ɓaci, mutanen da sunka yi shekaru suna cin tuwo akushi ɗaya su kama wuyan juna. Na san abin da zai ce. Zai ce tun kafin a kwance bakin buhun ya kamata a san mai saura. Da kuma ya ga uwarsa da ɗan allo da alli tana lanƙwasa bakwai, ban san ko dariya zai yi ba, amma na san turmi zai sha labari.

Duk tsawon lokacin nan akwai wata tsamiya da nake reno a zuciyata. Ƙwallo ɗari bakwai, na ce ko ɗaya dai zai tsiro. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambayi mai gidanmu, kamar zancen banza, ko akwai tsamiya a makabarta. Ya ce bai lura ba, wurin faƙo ne, kuma awaki ba su barin komi. Na ce a raina shi dai bai duba da kyau ba. Lokacin fari da itatuwa sunka bushe a tsaye ina cewa tawa tana nan, saiwarta ta yi nisa. Isuhu kuwa ba sabon geron da ya shigo gidan nan ban aika masa ba, har shekarar da muke auna shi da ludayi. Ba sallar da na sallame ban kama sunansa ba.

Bara matarsa ta haifi namiji, ya aiko mota har ƙofar gida a ɗauke ni zuwa suna. Da liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya, sai na ji sunan nan da bakina bai taɓa kamawa ba. Isuhu ya mayar da sunan Nomau. Mata sunka rangaɗa guɗa sunka juyo suna kallona, na ja mayafi na rufe fuska. Na ce a raina, ya Allah, ka ɗauki ɗaya ka bar mini ɗaya, na gode.

Washegari da hantsi ina ɗakin mai jego ina taya ta gyaran kaya. 'Yarsu babba tana bakin ƙofa tana carabke, na ga da ƙwallon tsamiya take yi, ban kawo komi ba. Sai mai jego ta ce in buɗe tsohuwar adakar mijin in ɗauko mata wani zane a can ƙasa. Na ɗaga zanen, na ga kaki. Jakunkunan nan ne guda shida a jere, baƙin zarena yana bakinsu yadda na ɗinke shi, ko ɗinki ɗaya ba a farke ba. Mai maɓallin tana sama. Na juya na dubi yarinyar, ga ta bakwai, tawa, a cinyarta, saura 'yan ƙwallaye a ciki.

Mai jego ta ga na tsaya, ta ce, "Wai waɗanga? Tun da anka kawo ni suna nan, Inna. Ya ce tarkacen ƙauye na, in bar su. Wagga mai buɗaɗɗen baki ita ɗai na ba yarinya ta yi wasa. Ko magani na?" Na ce mata ba magani ba ne. Yarinyar kirki ce, ba ta san komi ba, ga ta cikin jego, ban so nononta ya tsaya saboda ni.

Na jira har ya dawo daga buro ya ci abinci. Na iske shi a zaure shi kaɗai, na jera su bakwai bisa tabarma, na zauna. Ya dube su, ya dube ni, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Inna, wallahi niyya ina da ita. Lokacin nan sabon aiki na, ba a barin mutum shi numhwasa. Na ce gobe, na ce jibi. Ran arba'in na ga idonki, na kasa."

Na ce, "Ka kasa ce mini ba a yi ba, amma ka iya ce mini an gama."

"Ki gahwarce ni, Inna. Juma'ar nan in tara malamai, in yanka rago, kahin la'asar sun sauke ta duka. Dubu saba'in wani abu ta? Ai ga shi na maida sunanshi."

Wannan ce maganar da ta fi yi mini ciwo, har yau. Ba na raina addu'ar malamai, Allah ya ƙara musu daraja. Amma ranar da anka shafa fatiha a zaurenmu ba wanda ya ambaci malamai. Bakin da ya sha nono ɗaya da Nomau, shi anka ce ya ja masa. Kuma da ya gaya mini gaskiya tun ran arba'in, da na karɓi abina na zauna, da yaron nan bai yi shekara takwas yana jira ba. Ban ɗaga murya ba, ban iya ba. Abu ɗaya na tambaye shi. Na ce, "Tawa da na gama, ita ma ba ka kai ba. Ina ka tafi da ita ranar?"

Ya ce, "Tasha, Inna. Mota na jira na."

Na tattara biyar da tawa cikin zanena, na tura mai maɓallin gabansa na ce wannan tasa ce. Da safe na yi wa mai jego sallama, na shafa kan jaririn, na bi motar kasuwa na dawo.

Cikin abokan nan biyar Ada kaɗai ya rage a gari, fari ya watsa sauran. Na tare shi a hanyar rijiya. Ya ce, "Isuhu ya ce muna ke kinka ce a bari, an ba malamai." Na ce, "To ranar da na yi muku godiya fa, godiyar me kunka amsa?" Ya yi ta tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Can ya ce in ajiye masa tasa, in an gama girbi zai zo. An yi girbi, an ɗaure, an kai rumbu. Gonarsa tana jikin tamu, kullum muna gaisawa.

Na ɗauki allona na rubuta abin da ya rage, dubu sittin. Na feɗe ta yadda Nomau yake yi, sai na ga ita akwai uku cikin ƙashinta. Tana yarda da mutum shida, da biyar, da huɗu, da uku, da biyu. Ashe lamba mai sauƙin hali ya bar musu. Ko ɗaya ya zame, ko biyu, ko uku, ko huɗu, waɗanda sunka rage za su raba ta ba saura ko ƙwara. Na daɗe ina duban allon nan ina neman inda lissafi zai ba su hanzari, ban samu ba. Na sa mai gidanmu ya tambayi liman ko an makara, kuma ko mutum ɗaya zai iya ɗauka. Liman ya ce addu'a duk ranar da anka yi ta tana isa, kuma ba a ƙayyade bakin da za ta fito ba. Na ɗauko reza na farke ta farko. Kafin sanyi ya fita biyar sun ƙare, har da ta Ada. Ƙwallayen da sunka ɓace cikin tawa na cika su da na tsamiyar kunu.

Da watan rasuwar ya kama bana, wani direba ya tsaya a ƙofar gida da rago da buhun shinkafa, ya miƙo mini wani ɗan ƙunshi. Ya ce Isuhu yana gaishe ni, aiki ya riƙe shi, ya ce a gaya mini malamai sun sauke, an gama. Na kwance ƙunshin, mai maɓalli ce, zarena yana bakinta. Wataƙila gaskiya ne, malamai da tasbaharsu suke zuwa, ba ruwansu da ƙwallon tsamiya. In sun yi, Allah ya karɓa. Amma na taɓa jin an gama daga bakin nan. Ragon anka yanka anka raba wa maƙwabta, shinkafar ta shiga gidajen marayu, ni kuma na nemo rezata.

Mata 'yan ajinmu suna tambayata ko na yafe. Har yanzu ina kama sunansa in na sallame salla, bakin ya saba, kuma ba na so wuta ta taɓa naman da nonona ya gina. Amma sabon geron kakar da ta wuce ban aika ba.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Nomau, ba shi da yawa a ido. Rigarsa ta zama jakunkuna. Yaran da ya koya wa ƙidaya sun yi gemu, ban san ko suna tuna shi ba. Akwai wani ɗan yaro a Ƙonni mai sunansa, wanda ba zan iya kira ba, shi kuwa ba ruwansa, Allah ya raya shi. Sai kuma abin da ya bar wa turmi. Duk ranar da kewa ta dame ni nakan ɗauki allo in raba dubu saba'in gida shida, in bi ta a hankali har ƙasa, in tarar da huɗun nan a tsakar fili inda ya ce za a same su. Shekara tara ba su canza magana ba.

Ya ce ɗayan nan zai daɗe zaune, kuma na daɗe. Yanzu saura kaɗan a gindin aljihun, in na girgiza shi ba ya ƙara kamar da. Na gaya wa ƙanensa Sani, in ruwan farko ya sauka zai ɗauki ƙwallayen duka ya kai, da ƙaya a kansa ta shinge saboda awaki. Ni kuma zan bi shi har bakin hanya, inda mata ke tsayawa, in ga zubawar da idona.